Babi na Takwas: Waya a Bakin Iyaka

A farkon watan Yuni na 2025, a wani taron tsaro a Abuja, Janar Christopher Musa, wanda a lokacin shi ne Babban Hafsan Tsaron Najeriya, ya kawo shawarar a kewaye ƙasar nan da shinge. Duk iyakokinta na tudu yake nufi, tsakaninta da Benin da Nijar da Chadi da Kamaru. Ya kafa hujja da Pakistan, wadda ta ja waya tsakaninta da Afghanistan, da Saudiyya, wadda ta yi haka da Iraƙi. Janar ɗin a Sakkwato aka haife shi, kuma ya jagoranci yaƙi da Boko Haram a Borno, saboda haka ba a ce bai san inda ke yi wa Arewa ciwo ba. Maganar ta samu karɓuwa. Wanda aka kashe wa ɗa a gona, ko ya sayar da gida ya biya kuɗin fansa, in ka ce masa ga katanga za ta tsare shi, ba zai tsaya tambayar tsawonta ba. Amin kawai zai ce.

Ni ban ce amin ba, kuma dalilina daga 'Yankuzo ya fara.

'Yankuzo tana cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe, a gabashin Zamfara, kusa da inda jihar ta yi iyaka da Katsina. Daga nan zuwa iyakar Nijar mafi kusa ya haura kilomita 100. Mutanen da suka hana manoman wannan yanki zuwa gona, suke ɗora wa ƙauyuka harajin noma, suke tare hanyar Funtua zuwa Gusau da rana tsaka, ba daga ƙetaren wannan iyaka suka zo ba. An san su, an san iyayensu, an san kasuwar da suke ci kafin a shiga wannan hali. Ado Aleru, wanda sunansa ya fi na kowa fita a dazukan Tsafe, ɗan yankin ne. A watan Yuni na 2020 rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 a kansa, bayan kisan da aka yi a Kadisau ta Ƙaramar Hukumar Faskari. Shekara biyu bayan haka, a watan Yuli na 2022, aka naɗa shi Sarkin Fulani a fadar 'Yandoton Daji, a bainar jama'a. Gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin, daga baya kuma ta mayar da shi kujerarsa. Babu wata waya a Jibiya ko Zurmi da za ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa faruwa.

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019, da kusan 190,000 da suka bar gidajensu. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne inda ya nuna yatsa: wasu sarakuna, wasu hakimai, wasu jami'an tsaro. Da ɗan gari akan ci gari. Mai kai wa 'yan bindiga mai a jarka, da mai kai burodi, da infoma da ke buga waya ya ce wane ya sayar da shanu yau, duk suna cikin shingen da ake son ginawa.

Masu son shingen suna da gaskiyarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Bindigogin da ke dajin Munhaye ba a Tsafe aka ƙera su ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke gangarowa daga Libiya ta hamada, suna canza hannu har su iso nan. Halilu Sububu, da sojoji suka kashe a watan Satumba na 2024, an san shi da wannan fatauci. Lakurawa kuwa, da rundunar soja ta amsa samuwarsu a watan Nuwamba na 2024 a Tangaza da Gudu da sassan Kebbi, daga wajen Mali da Nijar tushensu yake. Iyakar a buɗe take, wannan ba a musu. Tambayar ita ce ko waya ce za ta rufe ta, kuma me za ta rufe tare da ita.

Wannan layi na iyakar Najeriya da Nijar, mai kusan kilomita 1,500, bai daɗe a ƙasa ba. A 1890 Ingila da Faransa suka fara jan shi a takarda, daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, ba tare da sun san abin da ke tsakani ba. Suka gyara a 1898, suka sake a 1904 da 1906, galibi don Faransawa sun koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasar suna kafa alamu, guda 148. Layin ya raba Katsina da Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka koma bayan jihadi. Ya raba Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri. Ya bi tsakanin Illela da Ƙonni, tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, a Dole Kaina ta Kebbi kuwa ta cikin gari ya ratsa. Fiye da shekara 100 ke nan, amma har yau akwai mai kwana a Najeriya yana noma a Nijar, da mai aurar da 'yarsa a ƙauyen da yake hangowa daga bayan gidansa alhali wata ƙasa ce. Dalilin da ya sa layin bai kashe waɗannan mutane ba shi ne bai taɓa zama bango ba.

Ruwa ma bai san da shi ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Gidan Rumji, sannan ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da Rima a ƙasar Gobir. Sau biyu yake tsallake iyaka. A gabas kuma Kogin Yobe shi kansa ne iyakar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Shi ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan yadda za su raba ruwan da suka yi tarayya a kai. Duk wanda ya taɓa ganin gulbi ya kawo a watan Agusta, yana ɗauke da itace da yayi da mushen dabba, ya san abin da zai faru idan aka gitta masa ƙarfe. Ko dai ya tumɓuke shi, ko yayin ya toshe wayar ruwa ya koma baya ya ci gonaki.

Amma abin da ya fi damuna shi ne dabbobi, domin a nan ne maganar iyaka ta dawo har ƙofar 'Yankuzo.

Ruwan sama da ke sauka a Gusau a shekara ya kusa milimita 900. A Maraɗi wajen 500 ne, in ka nausa arewa zuwa Dakoro ya ragu ƙwarai. Kiwo a wannan ƙasa kan wannan bambanci aka gina shi. Da damina ta zauna, gonaki sun rufe ko'ina a kudu, ga caɓi ga ƙuda, sai garke ya yi arewa, inda ciyawa ke fitowa gajera mai maiƙo kuma babu shuka da za a ɓata. Jamhuriyar Nijar tun 1961 ta kafa doka da ta ja iyakar noma, ta bar abin da ke arewa da ita ga makiyaya. Wasu har Ingal suke kaiwa don dabbobi su lashi gishiri. Da kaka ta yi, tafkunan arewa sun fara ƙafewa, sai a juyo. Udawa da tumakinsu masu rabin fari rabin baƙi, Bararo da jajayen shanunsu masu dogayen ƙaho, Buzaye da raƙuma, duk su gangaro su ci kara da harawa a gonakin da aka girbe. A da manomi har damin dawa yake bayarwa don a kwana masa a gona, saboda taki. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da wannan zirga-zirga a hukumance a 1998, ta fito da takardar shaida da makiyayi zai riƙe in zai tsallaka.

To, a ce an ja waya. Garken da ya saba tafiya arewa da damina ya tarar da hanya a rufe, ko kuma ƙofa ɗaya tak a nisan kwana uku, da jami'i a bakinta yana jiran na goro. Ina zai koma? Nan zai tsaya, a tsakiyar gero da dawa, a Zurmi da Birnin Magaji da Ƙaura Namoda da Bunguɗu da Tsafe, a daidai watannin da ba a son ganin saniya kusa da shuka. Wanda rani ya ritsa da shi a arewa kuma, dabbobinsa su taru a bakin waya su cinye ƙasa har saiwa, su bar ta ga iska. Ga yadda rikicin Zamfara ya tsiro: bayan 1999 aka yanka manyan sassa na gandun daji da hurumin kiwo aka raba wa manoma da masu hannu da shuni, burtali ya tsuke har ya ɓace a wasu wurare, mashaya ta zama lambu. Wato an riga an yi wa makiyayi shinge sau ɗaya, daga ciki, kuma mun ga abin da ya haifa. Shingen iyaka zai zama na biyu.

Can gabas, a Machina da Yusufari ta Jihar Yobe, iyakar ta tudun rairayi take bi. Tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa, irin na Bulatura da Tulo-Tulowa, waɗanda ruwansu a kusa yake da ƙasa kuma ba shi da yawa. Rairayin nan tafiya yake yi, yana binne gidaje da gonaki. Aikin shinge ba kafa ƙarfe kaɗai ba ne. Sai an share hanya ta manyan motoci, an sare itatuwa, an haƙa rijiyoyi don kwaɓa siminti. A ƙasar da gawo ɗaya ke ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwa, wannan ɓarna ba ta gyaruwa a rayuwar mutum ɗaya.

Ba hasashe nake yi ba, an gwada a wasu wurare. A Botswana, tun shekarun 1950, an ja dogayen wayoyi a hamadar Kalahari don raba shanu da namun daji saboda ciwon baki da kofato. Da fari ya zo a farkon shekarun 1980, garkunan wata dabba mai kama da gwanki suka nufi ruwa ta hanyar da kakanninsu suka saba, suka tarar da waya, suka bi gefenta har ƙarfi ya ƙare. A 1983 dubun-dubatarsu suka mutu a kewayen Tafkin Xau, kuma yawansu bai sake komawa yadda yake ba.

Misalin da ya fi kama da namu yana kudancin Arizona, a iyakar Amurka da Meziko. A can akwai wata al'umma, Tohono O'odham, mutanen hamada, waɗanda aka raba ƙasarsu gida biyu a tsakiyar ƙarni na 19 ba tare da an tambaye su ba. Kusan kilomita 100 na iyakar a kan filinsu yake, kuma shugabanninsu sun daɗe suna ƙin a gina bango a kai, don suna da dangi da makabartu da wuraren ibada a ɗaya ɓangaren. A gefensu akwai gandun Organ Pipe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa. Wata doka ta 2005 ta ba ministan tsaron cikin gida ikon jingine duk dokar da za ta jinkirta gina shinge, har da ta kare muhalli da ta kare kaburbura. Da wannan iko aka shiga gandun a 2019 da 2020 aka kafa ginshiƙan ƙarfe masu tsawon mita 9, tsakaninsu tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. A watan Fabrairu na 2020 aka fasa wani tsauni da nakiya inda al'ummar ta ce akwai kaburburan kakanninta. Aka haƙa rijiyoyi ana jan ruwa don siminti, a yankin da ke da wani ƙaramin marmaro mai suna Quitobaquito, inda wani irin kifi da wani irin kunkuru ke rayuwa da ba a samunsu a ko'ina cikin Amurka sai nan. Masu adawa sun haɗa da 'yan asalin wurin, da masana dabbobi, da wasu masu garken shanu. An kama wasu, an kai ƙara kotu, aikin bai tsaya ba.

Ruwa ne ya yi abin da kotu ba ta yi ba. Tun a watan Yuli na 2008 tsohon shingen wurin ya tare ambaliya ya mayar da ita kan garin Lukeville. A watan Agusta na 2021 kuma ruwa ya ɓalle ƙofofin sabon bangon kusa da Douglas. Game da masu fasa-ƙwauri, takardun hukumar kula da iyakar da kanta sun nuna an yanke sabon bangon fiye da sau 3,000 tsakanin 2019 da 2021, da zarto mai batir da ake saya a kowane shago. A 2023 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya tabbatar da ɓarnar da aka yi wa ruwa da tsirrai da wuraren tarihi. Barewa da damisa sun tsaya a bakin ƙarfe, mutum mai kuɗi a aljihu ya wuce. Wannan ƙasa ce da ke da jirage da na'urori da dubban jami'ai a bakin iyakar.

A nahiyarmu, Kenya ta fara shinge tsakaninta da Somaliya a 2015, da niyyar kilomita 700. A 2019 majalisar ƙasar ta gano an kashe shilin biliyan 3.4, kusan dala miliyan 35, kuma abin da ke ƙasa bai wuce kilomita 10 na waya ba. Mai karatu ɗan Najeriya ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda hakan ke faruwa. Pakistan ɗin da aka ba da misali da ita ta kusa kammala nata shingen, amma hare-hare a yankunan iyakarta ƙaruwa suka yi bayan Taliban ta karɓi Kabul a 2021.

Mu ma mun ɗanɗana rufe iyaka, ko da ba da ƙarfe ba. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, ta kuma hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafa ba ta daina shigowa ba, tsada kawai ta yi, kuɗin da ake bayarwa a hanya ya ƙaru. Kisan Kadisau a cikin wannan rufewa aka yi shi, haka sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa har zuwa Maris 2024, kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka mutu murus, daji kuwa bai san an yi ba. A cikin Zamfara kanta, a watan Satumba na 2021, an katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. 'Yan bindiga sun ji jiki na ɗan lokaci, sannan suka koma karɓar fansa da buhunan abinci. Talakan ƙauye kuma ya rasa hanyar da zai kira a kawo masa ɗauki.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Tun 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere zuwa Jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. Ƙauyukan Gidan Rumji suka karɓe su kafin wata hukuma ta iso, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Da ƙafa suka tsallaka, da dare, ta cikin gonaki. Da akwai waya a wannan dare, da a jikinta za a same su.

Abin mamaki, gwamnatin da ake ba shawarar shinge ita ce ke shimfiɗa layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021. Ita ce kuma ta shiga shirin dashen itatuwa na Tarayyar Afirka da aka amince da shi a 2007, ta kafa masa hukuma a 2015, da Zamfara cikin jihohi 11 da ya shafa. Kuma darasin da ya fi amfani a wannan fanni daga ƙetaren iyakar yake. Tun 1983 manoman Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage rassa a bar masu ƙarfi. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. 'Yan cin rani da baƙin kasuwa suna yaɗa irin wannan sani, ba taron bita kaɗai ba.

Bindiga ba ta bin burtali a ƙafa. A mota take zuwa, cikin buhu, ta hanyoyin da ke da shingayen jami'ai a kowane 'yan kilomitoci, kuma tana wucewa. Abin da zai tare ta shi ne jami'in da ake biya kan lokaci kuma ake hukunta shi in ya karɓa, da musayar bayanai da Yamai ko da siyasa ta yi tsami, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tana nan tun 1971, aiki take jira. Kuɗin kilomita 50 na waya zai isa a sake auna burtalolin Tsafe da Bunguɗu da Zurmi a kafa musu alamu, a tone mashaya, a ajiye jami'an tsaro na dindindin a garuruwa irin su 'Yankuzo maimakon masu zuwa bayan an gama jana'iza.

'Yan majalisar da ke wakiltar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, in wannan shawara ta zo gabanku a kasafin kuɗi, ku nemi a kawo muku taswirar da ta nuna inda kowane gulbi da kowane burtali zai bi, da sunan hukumar da za ta riƙe makullin kowace ƙofa. In ba a kawo ba, kada ku sa hannu.